Gardamar Data: Na'ura Ce Ko Mutum Ne Ya Shafa Hoda?

 A wannan wata za mu taɓo wata tsohuwar gardama ce, wadda masu sha'awar wasannin sararin samaniya suka tayar tun cikin 1987, har yau kuma ba su kashe ta ba. Gardamar kuwa a kan Data ce. Kafin yaran zamani su zabura su duba wayoyinsu, to ba datar nan da ake saye a loda a waya muke nufi ba. Wannan Data sunan wani hafsan kumbo ne a cikin wasan nan na Amurka mai suna Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, kashi 178 cikin shekara bakwai.

Saboda waɗanda ba su taɓa gani ba, bari mu ɗan share fage. Labarin yana gudana ne a ƙarni na 24, cikin wani makeken kumbo da ake kira Enterprise, mai ɗauke da mutum wajen dubu, yana yawon binciken taurari a ƙarƙashin Kyaftin Picard. A cikin manyan hafsoshinsa akwai Data, wanda ba haifarsa aka yi ba, ƙera shi aka yi. Mutum-mutumi ne da wani masani mai suna Dokta Noonien Soong ya haɗa, ya ba shi siffar ɗan Adam, fatarsa fara sol mai ɗan walƙiyar zinariya, idanunsa rawaya. Yana da ƙarfin lanƙwasa ƙarfe da hannu, ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Abin da ba shi da shi, in ji marubutan wasan, shi ne motsin rai: ba ya jin daɗi, ba ya baƙin ciki, ba ya tsoro, ba ya fushi. Duk da haka babban burinsa a duniya shi ne ya zama kamar mu. Gene Roddenberry, wanda ya ƙago Star Trek tun 1966, juya tsohon hafsansa Spock ya yi. Shi Spock yana da zuciya amma kullum danne ta yake yi, shi kuwa Data an ce ba shi da ita, kullum nemanta yake yi. Wanda ya fito a matsayin Data kuwa wani ɗan wasa ne mutumin Texas, Brent Spiner.

To, tambayar da ta raba kan masu kallo ita ce: shin wannan abu da Spiner ya nuna mana ya kamu da hankali? Da a ce akwai irin wannan na'ura, haka za ta yi magana, haka za ta yi mu'amala? Ko kuwa dai mutum ne kawai aka shafa wa hoda, aka ce ya daina murmushi?

Rukunin farko su ne masu tsintar kuskure, kuma ba a raina su. Waɗannan bayin Allah sukan naɗi wasan a kaset, su yi ta mayar da shi baya, da biro da takarda a hannu. Ɗaya daga cikinsu, Phil Farrand, har littafi sukutum ya wallafa cikin 1993 wanda ba abin da ke ciki sai kurakuran wannan wasa, kashi bayan kashi. Babbar hujjarsu a kan Data ta harshe ce. A Turanci akwai al'adar gutsure kalmomi a haɗe su in ana hira, kamar dai yadda mu ma mukan ce "ba ni" mu haɗiye rabinsa, ko mu ce "min" maimakon "mini", ko "ya ce mai" maimakon "ya ce masa". A cikin wani kashi mai suna Datalore, wanda aka nuna a farkon 1988, marubuta suka kafa dokar cewa Data ba ya wannan gutsurewa, kowace kalma sai ya cika ta. Da haka ake bambanta shi da wansa Lore, wani mutum-mutumin da Soong ya ƙera kafin shi, mai kama da shi sak, amma mugu. Matsalar ita ce tun kafin wannan kashi an sha jin Data yana gutsure magana, kai, a ƙarshen kashin da aka kafa dokar ma sai da bakin Spiner ya suɓuce ya yi. Wannan ya sa wasu masu kallo suka yi ta raha da cewa ai Lore ne ya rage a cikin kumbon, Data aka jefar. Dokar kuwa ba ta wasa ba ce, domin a wani kashi na 1990 da ita mataimakin kyaftin, wato Riker, ya ƙara tabbatar da cewa yaudararsa ake yi da Data na jabu.

Sa'an nan suka ce, a bar ma suɓutar baki, ita kanta dokar ba ta da kai. An faɗa a cikin wasan cewa ƙwaƙwalwar Data tana yin lissafi tiriliyan 60 a daƙiƙa guda. A kashin da ake kira Brothers ya kwaikwayi muryar Kyaftin Picard har ya ruɗi na'urar da ke tafiyar da kumbon, ya ƙwace shi gaba ɗaya shi kaɗai. Yaya za a ce wanda ya iya wannan ya kasa abin da yaro ɗan shekara uku ke yi ba tare da an koya masa ba? Masu kare wasan sukan amsa da cewa da gangan Soong ya yi shi haka, domin Lore ya cika kama da mutane har mazauna wurin da aka ƙera shi suka tsorata da shi. Amma fa daga bakin Lore aka fara jin wannan bayani, shi kuwa Lore maƙaryaci ne na bugawa a jarida.

Maganar tsufa ita ma ta sha kai. An haifi Spiner cikin 1949, yana da shekara 38 aka fara wasan. Ƙarfe ba ya furfura, amma ɗan wasa yana yi, kuma hoda komai kaurinta ba ta ɓoye kumatun da suka fara sauka. Sai cikin 1993 marubuta suka cusa wata 'yar jimla guda a bakin injiniyan kumbon, Geordi, cewa ai an tsara Data ne yadda kamanninsa za su riƙa tsufa. Faci ne, kowa kuma ya ga zaren. Shi kansa Spiner ya sha faɗin cewa shekarunsa sun wuce wannan matsayi, har yana cikin waɗanda suka tsara labarin fim ɗin Nemesis na 2002, inda Data ya sadaukar da kansa don ya ceci kyaftin ɗinsa. Ba ma za mu tsaya a kan kyanwarsa Spot ba, wadda ta fara fitowa cikin 1991 da dogon gashi, daga baya ta koma mai gajeren gashi, ana kiranta namiji shekara da shekaru, rana ɗaya cikin 1994 ta haifi 'ya'ya. Wannan kam sai dai a tambayi masu kiwon kuliyoyin Hollywood.

Duk waɗannan gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya ba. Amma a ganinmu masu tsintar kuskure sun tsaya ƙirga tsakuwa ne, shinkafar tana ƙonewa. Mu da muke zaune tsakanin harsuna biyu ko uku, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani game da maganar Data, domin mun san mai irinta. Baƙon nan ne da ya koyi Hausa a littafi. Gaisuwarsa cikakkiya, nahawunsa ya fi na ɗan gari, amma a zauna hira a yi wani barkwanci kowa ya fashe da dariya, shi sai ya tsaya yana tambayar me ake nufi. A yi masa habaici ya yi godiya. Ya haddace karin magana ɗari, ya kawo ɗaya inda ba gurbinta ba. Da yawanmu kuma haka muke komawa in mun shiga ofis muka ɗauko Turanci ko Faransanci na makaranta, muna auna kowace kalma kamar masu tafiya a kan ƙwai. Wannan shi ne abin da Spiner ya kama, ya kuwa kama shi da kyau: ɗan karkata kai gefe kafin ya amsa, ɗan jinkirin nan na mai laluben ma'ana, da natsuwar wanda aka yi wa dariya bai san dalili ba amma bai riƙe kowa a zuci ba. Wanda ya taɓa zama baƙo a garin mutane ba zai ce wannan bai kamu da hankali ba.

Akwai kuma wata hujja ta rukunin farko wadda ta fi duk waɗancan nauyi. Suka ce, kun ce ba shi da motsin rai, to son zama mutum da yake yi, shi ba motsin rai ba ne? Wanda ba ya so ba ya ƙi, me zai sa ya yi buri? Sa'an nan Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar Data kuwa ba ta taɓa zama allo wankakke ba. Lokacin da abokiyar aikinsa Tasha Yar ta mutu cikin 1988, ya gaya wa Picard cewa shi ya kasa gane taron makokin, domin maimakon ya yi tunaninta sai ya sami kansa yana tunanin yadda wurin zai zama fayau babu ita, yana tambaya ko ya ɓata ma'anar taron. Picard ya ce masa a'a, ma'anar ke nan. Daga baya aka gano ya ajiye ɗan hotonta a cikin kayansa. Masu suka suka ce to ga shi nan, marubuta suna so su ci tuwo biyu: su ce na'ura ce, sa'an nan su sa mu kuka dominta.

Masu kare shi suka ce ai nan gizo ke saƙa, kuma a nan muna tare da su. Data ya taɓa bayyana yadda yake fahimtar abota. Ya ce hanyoyin ƙwaƙwalwarsa sukan saba da ganin mutum da jin muryarsa, har su riƙa sa ran zuwansa, in kuwa ya ɓace sai su ji giɓinsa. Mai suka zai ce wannan ai bayanin makanike ne. To amma mu tambayi kanmu, me kakanninmu suka ce? Sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Ashe mutum-mutumin Amurka da tsofaffinmu wuri guda suka sauka. Abin da ya sa muka yarda da Data shi ne bai taɓa ɗaukar wannan sabo ya kira shi da sunan da bai tabbatar ba. A kashin The Offspring na 1990 ya ƙera wa kansa 'ya, ya sa mata suna Lal. Yarinyar ta zarce uban, ta fara jin tsoro, ƙwaƙwalwarta ta kasa ɗauka, ta kama hanyar mutuwa. Wani babban hafsa da ya taya shi ƙoƙarin ceto ta ya fito yana ba da labarin yadda hannuwan Data ke gudu har ido ba ya iya bin su, ya ƙi sallamawa. Amma da yarinyar ta ce tana ƙaunarsa, bai mayar mata da irin kalmar ba, cewa ya yi da ma yana iya jin abin tare da ita. Uba na gaske a gefen gadon 'yarsa zai faɗi kome don ta ji sanyi. Shi ya tsaya a kan abin da ya sani, ya bar mai kallo ya dubi hannuwan ya dubi bakin, ya yanke wa kansa hukunci.

Shi wasan ma da kansa ya taɓa kai maganar kotu. A cikin Fabrairun 1989 aka nuna The Measure of a Man, wanda wata tsohuwar lauya, Melinda Snodgrass, ta rubuta, kuma da yawa na ganin da wuya a sami kashin da ya fi shi. Wani masanin rundunar mai suna Maddox ya zo da takardar izinin kwance Data gunduwa-gunduwa domin ya koyi yadda za a ƙera irinsa da yawa, alhali ba shi da tabbacin zai iya mayar da shi yadda yake. Data ya ƙi, ya ce zai ajiye aiki. Aka ce kayan runduna ba ya ajiye aiki. Aka zauna shari'a, aka tilasta wa Riker, abokinsa, ya tsaya a matsayin mai gabatar da ƙara. Riker ya cire masa hannu a gaban alƙaliya, sa'an nan ya latsa wani maɓalli a bayansa, Data ya kife kamar buhu. Picard ya fita jiki a sanyaye, sai da Guinan, wadda Whoopi Goldberg ta fito a matsayinta, ta tuna masa cewa a tarihin duniyoyi da dama an sha samun halittun da ake sa su aikin wahala ba tare da an damu da lafiyarsu ko ransu ba, tsara bayan tsara. Nan Picard ya gane bauta ake magana. Snodgrass ta ce shari'ar Dred Scott ta 1857 ce ta ba ta tunanin, wato lokacin da kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da bakin kai ƙara. Abin lura kuma, wanda ya fito a matsayin Geordi, babban aminin Data, shi ne LeVar Burton, wanda duniya ta sani da Kunta Kinte a wasan Roots na 1977. Alƙaliyar dai ba ta ce Data yana da rai ba. Cewa ta yi ba ta sani ba, ba ta ma san ko ita tana da shi ba, amma ta ba shi 'yancin zaɓa wa kansa. Wato marubutan da kansu sun ƙi rufe ƙofar da masu kallo ke ta kokawar rufewa.

Yanzu kuma ga wani alƙali da babu shi a wancan lokaci, wato zamani. Lissafin nan tiriliyan 60 da aka ɗauka sai ƙarni na 24, tun cikin 2004 wata kwamfutar kamfanin IBM ta wuce shi. Daga ƙarshen 2022, da ChatGPT ta fito, na'urori masu hira suka shigo aljihun kowa. Sai ga shi duk abin da aka ce zai gagari Data shi ne ya zo musu a sauƙaƙe. Suna gutsure magana, suna barkwanci, suna tsara waƙa, suna lallashi. Inda suke tuntuɓe kuwa shi ne inda Data ya fi ƙarfi, domin wani lokaci sukan ƙaga abin da babu shi su faɗe shi da cikakkiyar natsuwa. Cikin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa takardar da ke cike da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, na'ura ce ta ƙago musu, su kuwa ba su bincika ba. Shekara guda kafin nan kamfanin Google ya sallami wani injiniyansa da ya fito fili ya dage cewa na'urar hirarsu ta san kanta. Wannan rauni namu kuwa tsoho ne. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya haɗa wani ɗan ƙaramin shiri mai suna ELIZA wanda ba abin da ya iya sai juya maganar mutum ya mayar masa da ita a matsayin tambaya, amma sakatariyarsa, wadda a gabanta aka haɗa abin, ta roƙe shi ya ba su wuri za su yi magana.

Saboda haka in hasashe ake nema, masu tsintar kuskure sun yi nasara fiye da yadda suka zata: marubutan sun juya abin a baibai. Inda abin ya shafe mu kuwa shi ne, wanda ya tashi da kallon Data da ire-irensa ya saba da tunanin cewa na'ura ba ta da daɗin baki amma ba ta kuskure. Yanzu an miƙa masa mai daɗin baki, shi kuwa yana nan da tsohon tunaninsa, yana tambayarta maganin ciwo da hukuncin gado ya tashi ya yi aiki da su ba tare da ya tuntuɓi likita ko malami ba. Gara a san cewa waccan amanar ta Data marubuta ne suka rubuta masa ita, ba ta zo tare da wayoyin lantarki ba.

Ita ma amanar sau ɗaya ta girgiza, kuma wannan ita ce gardamar da ta fi kowace daɗi a wurinmu. A kashin The Most Toys na 1990, wani attajiri ɗan kasuwa mai suna Kivas Fajo, mai tara abubuwan da babu irinsu a duniya, ya sace Data ya ajiye shi a cikin kayan adonsa, ya shirya abin yadda abokan aikinsa za su ɗauka ya hallaka. Data ya ƙi zama a kujerar da aka tanadar masa, ya ƙi sa tufafin da aka ba shi, in baƙi sun zo kallo ya sandare kamar gunki don ya kunyata mai gidan. Da Fajo ya ga ba ya tsoron kome a kan kansa, sai ya koma yi masa barazana da ran wata ma'aikaciyarsa, Varria. Daga ƙarshe matar ta taimaki Data ya gudu, Fajo ya tare su ya harbe ta da wata muguwar bindiga da aka haramta saboda azabar kisanta. Data ya ɗauki irin bindigar ya auna shi. Fajo ya yi masa dariya, ya ce ai ba zai iya ba, an gina shi a kan girmama rai, ba ya jin fushi, ba ya jin zafin mutuwar matar, ya koma kujerarsa ko kuwa ya kashe wani. Data ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce ba zai bari wannan ya ci gaba ba, ya ɗaga bindigar. A daidai nan mutanensa suka iso, suka ɗauke shi da na'urar nan mai zare mutum daga wuri ta dire shi a wani cikin ƙiftawar ido. Mai kula da na'urar ya lura cewa bindigar tana cikin tashi, ya kashe ta kafin Data ya sauka. Riker ya tambaye shi, Data ya dube shi ya ce wataƙila wani abu ne ya faru a hanya.

To, ya harba ko bai harba ba? In ya harba, ya yi wa mataimakin kyaftin ƙarya ke nan? Wasu masu kallo sun ce wannan wuri ya rushe Data ɗungurungum, domin wanda aka ce ba ya ƙarya ba zai koyi kwana-kwana rana ɗaya ba. Wasu suka ce na'urar ce ta sami tangarɗa, a wanke shi. Marubuciyar kashin, Shari Goodhartz, ta faɗa daga baya cewa ita nufinta ya harba, da ta tambayi Spiner shi ma haka ya ce, manyan shirin ne suka so a bar abin a duhu. Mu kam mun yarda ya harba, kuma ba mu ga inda hakan ya saɓa wa halinsa ba. Fajo ya ɗauka sai mai fushi ke kisa, ya manta cewa lissafi ma yana kai wa can: ga mai kisa, ga alkawarinsa na sake yi, ga babu hukuma kusa. Abin da ya fi tayar mana da tsigar jiki shi ne amsar da ya ba Riker. Bai ce bai harba ba. Ya zaɓi kalmomin da ba za a kama shi da ƙarya ba, ba kuma za a kama shi da gaskiya ba, irin amsar da dattijo kan bayar a gaban sarki in yana so a bar maganar. Shekara uku yana cikin wannan kumbo tare da mutane yana koyon dariya da zanen hoto duk bai ƙware ba, ashe wannan ya koya tsaf. Daga nan ya je wurin Fajo a kurkuku ya sanar da shi cewa an ƙwace duk kayan da ya tara. Fajo ya ce lalle yana jin daɗi. Data ya ce a'a, ba ya jin kome, shi ai mutum-mutumi ne kawai. Sai mai kallo ya rasa ko tawali'u ne ko kuwa baƙar magana ce.

Abin takaici, masu shirin ba su bar shi a nan ba. Garin neman gira aka taɓa ido. A fim ɗin Generations na 1994 aka sanya wa Data wata 'yar ƙwayar na'ura da Soong ya tanadar masa, mai ba shi motsin rai. Nan take ya kama ƙyalƙyala dariya a kan wani barkwanci da Geordi ya yi shekara bakwai baya, tsoro ya sandarar da shi har aka sace aminin nasa a gabansa, a ƙarshe ya yi hawaye da ya tsinci kyanwarsa da rai a cikin tarkacen kumbo. Wasu sun ji daɗi, sun ce buri ya cika. Mu kuwa a nan ne karo na farko muka ga mutum da hoda a fuska, domin duk abin da ake bari mu hango da kanmu yanzu an ɗora mana shi a faranti. Da alama su ma marubutan sun ji a jikinsu. A fim na gaba, cikin 1996, aka ce yana iya kashe ƙwayar in ya ga dama. A na 1998 aka ce bai tafi da ita ba, kamar wanda ya manta hula a gida. A na 2002 ko ambatonta ba a yi ba.

Mutuwar 2002 ɗin ma ba ta zauna ba. Cikin 2020, a wasan Star Trek: Picard, aka nuna cewa tunanin Data yana nan ajiye a cikin wata na'ura, ya roƙi tsohon kyaftin ɗinsa ya kashe ta domin ya ɗanɗani ƙarshe kamar kowane mai rai, Picard kuwa ya cika masa. Cikin 2023 aka sake tayar da shi, a wannan karo cikin jikin dattijo mai furfura, an haɗa shi da Lore wuri guda, yana ji, yana barkwanci, yana gutsure magana yadda ya so. Spiner yana da shekara 74 a lokacin, ba a kuma bukaci a ɓoye ko ɗaya daga cikinsu ba. Masu tsintar kuskure dai sun rasa dokar da za su kama shi da ita, sai suka koma gardamar ko wannan dattijo shi ne Data ko kuwa wani ne ya gaji sunansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.